Wadatar zuci: ana koyonta ne, ko haƙuri da talauci aka sake wa suna?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka taso jiya da dare ta nutse cikin gaishe-gaishe, shi ya sa na maido ta nan ita kaɗai. Mutum ne yana salla, yana azumi, bai rasa tuwon dare ba, amma ransa ba ya kwance. Da ya sa haƙarƙari ƙasa sai lissafi. Me ake yi? Don Allah kada a tsaya kan "a yi haƙuri", wannan kowa ya iya faɗa. Wanda ya sani ya faɗi yadda ake yi, da yawan da ake yi, da inda ake kuskure. A dakata da hotunan barka da Juma'a har mu ƙare.

Malam na Birni:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. A fara rarrabe ciwon, don abin da muke tarawa mu kira damuwa ba iri ɗaya ba ne. Addu'ar da Anas ya ruwaito, tana cikin Buhari, ta jera su: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal, wal bukhli wal jubn, wa dala'id daini wa galabatir rijal." Hammu shi ne zullumin abin da bai zo ba tukuna, kamar kuɗin haya ko auren ɗiya. Hazan kuwa baƙin cikin abin da ya riga ya wuce. Na farko da shiri ake rage shi, na biyu da sallamawa. Ku lura kuma, nauyin bashi da danniyar mutane suna cikin addu'ar nan. Ke nan tun asali ba a raba zuciya da aljihu ba.

Kafin a ƙaro wata ibada, a gyara sallar da ake yi. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san natsuwa da daidaituwa suna cikin farillan salla. Ma'anarsu gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u, da ɗagowa, da sujada, da zaman tsakanin sujada biyu. Awo mai sauƙi ga mai koyo: tasbihi uku a tsanake a ruku'u, uku a sujada, in ka ɗago kuma kada ka sunkuya sai bayanka ya miƙe sosai. Azahar da aka yi haka tana cin minti 5 ko 6. Ta minti 2 ita ce irin ta mutumin nan da Annabi (SAW) ya yi ta mayarwa yana ce masa ya koma ya yi salla, don bai yi salla ba.

Bayan sallama kada a zabura. Istigfari 3, "Allahumma antas salam", sannan Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 33, a cike ɗari da "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lah" har ƙarshenta. Duka bai wuce minti 4 ba. Inda ake ɓata shi kowa ya sani: yatsa na gudu kan tazbaha, ido na kan takalmi a ƙofar masallaci, hannun hagu ya riga ya ciro waya. Aya ta 28 a Suratu Ra'ad ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Wanda bakinsa ke ƙirga, zuciyarsa na Kasuwar Dole, bai ambata ba tukuna.

Ɗan Kara-Kara:
Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, amma akwai abin da ke damuna da maganar nan. Kullum talaka ake yi wa wa'azin wadatar zuci. Saurayi ya ƙare jami'a, takardu na cikin leda ƙarƙashin katifa, yana tuƙa kabu-kabun wani. Mace ta tashi tsakar dare tana jiran pampo ya kawo ruwa. Sai a ce musu su gode, su dubi na ƙasa da su. To in kowa ya dubi na ƙasa, wa zai tashi ya gyara? Ni a ganina maganin barci ne ake ba mu.

Malam na Birni:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiya ne akwai masu amfani da kalmar don su rufe bakin mai haƙƙi. Amma wannan ba ƙana'a ba ce, wato wadatar zuci ta gaskiya. A addu'ar da na kawo, me ya biyo bayan hammu da hazan? Gazawa da kasala. Su ma tsari aka nema daga gare su. Hadisin tsuntsaye da Umar ya ruwaito ya ce suna fita da safe cikinsu wayam, su dawo da yamma a ƙoshe. Fita suke yi. Wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Wurin ƙana'a bayan nema ne. Ka fita, ka yi iyakar ƙoƙarinka, abin da ya shigo hannu yau ka ci shi ba tare da ɗacin rai ba, gobe ka sake fita. Neman haƙƙinka wurin wanda ya danne shi kuma bai saɓa mata ba ko kaɗan. Ga yadda za ka gane wadda ke ranka: in "na gode Allah" ta sa ka yi barci ka tashi da ƙarfin fita, ƙana'a ce. In ta sa ka kwana uku a fada ba ka taka ko'ina ba, kasala ce ta ari rigar malamai.

Malamar lakwal, Sabon Gari:
Bari in ɗora kan rabon da Malam ya yi, da abin da ake yi da bik da takarda. Tunani yana maimaita kansa ne saboda ƙwaƙwalwa na tsoron mantuwa, kamar mai riƙe da saƙon baki yana ta bitarsa a hanya. In an rubuta, sai ta sassauta.

A samu ƙaramin kaye, wato littafin rubutu. A ware minti 15 kullum a lokaci ɗaya, bayan la'asar ya fi, kada dai a kai shi kan shimfiɗa. A ja layi a tsakiyar shafi. Dama: abin da ke hannuna. Hagu: abin da ba ya hannuna. Duk abin da ya faɗa dama sai an rubuta masa mataki ɗaya, da rana, da lokaci. Na hagu a yi masa addu'a a rufe kaye. In tunanin ya dawo da dare, a ce masa "gobe bayan la'asar", kuma a cika alkawarin, in ba haka ba zuciya ta daina yarda.

Kuskure biyu ake yi. Na farko rubuta abu ƙato. "Neman aiki" ba mataki ba ne. "Litinin ƙarfe 8 in kai takarduna wuri kaza" shi ne mataki. Na biyu ya fi wuyar ganewa: sa halin wani a ɓangaren dama. Halin kishiya, bakin suruka, ko maigidan aiki zai yi fara'a, duk na hagu ne. Abin da za ki faɗa, da lokacin da za ki yi shiru, su ne naki. Mutane da yawa sun cika shafin dama da sunayen mutane, suna mamakin me ya sa kayen bai yi musu amfani ba.

Ƙanena na Kara-Kara, duban na ƙasa da hadisin Muslim ya ce a yi, a kan abin hannu ne, kuma an faɗi dalili: don kada a raina ni'imar Allah. A sana'a da ilimi na sama ake kallo. Matsalar yau ita ce waya ta juya mana abin. Kakanninmu maƙwabta goma suke gani, su ma sun san bashin kowa da ciwon kowa. Yanzu kafin ka yi barci ka ga mota ashirin da biki biyar, ba wanda ya ɗora hoton takardar bashinsa. Magani ba wa'azi ba ne: a kashe ganin hotunan mutanen da aka san suna tayar da rai, a bar waya wajen ɗaki awa guda kafin kwanciya, kada kuma a buɗe ta da safe sai an ƙare azkar.

Hajiya mai adashi, Zango:
Sannunku da ƙoƙari. Malama kin yi daidai, sai dai ni zan ce mafi yawan abin da ke hana mata da magidanta barci a garin nan, in ka tona, lissafi ne da ba a taɓa zama an yi shi ba. Bashin da ba a ƙirga ba ya fi girmansa a zuciya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu kunya muke ji.

A zauna rana ɗaya a rubuta duka: mai kanti, mai itace, ɗan ga-ruwa, tela, zubin adashin da aka tsallake. Kowane da adadinsa. Sannan a je wa kowa da ƙafa, kafin shi ya zo. A ce masa "kana bina jaka 12, zan riƙa kawo jaka 2 duk ranar Alhamis". Mai bin bashi ɓuya ke ɓata masa rai fiye da jinkiri. A fara kashe ƙananan, don kowane da aka goge an rage titi ɗaya da ake kauce wa.

Hatsi kuma a lissafa shi da tiya. Buhun kilo 100 tiya 40 ne ko kusa. Gidan da ke cin tiya ɗaya da rabi a rana yana cin 45 a wata, ya wuce buhu ke nan. Wanda ya san haka zai saya da kaka lokacin da gero ke da sauƙi, ko da rabin abin da zai kai shi ne, maimakon ya shiga damina yana awo kullum da tsada da faɗuwar gaba. A zuba shi a wuri busasshe, a ɗaga buhu kan katako kada ya taɓa ƙasa.

Adashi ɗaya ya isa. A shawarata zubinsa kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ke shigowa: mai samun jaka 60 a wata, jaka 6. Wadda ta shiga uku tana ɗaukar wannan tana zuba wancan, ba tari take yi ba. Anko kuwa, a yanke tun farkon shekara guda nawa za a yi, sauran a je da wankakken zane a yi barka. Kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa.

Ga 'yan'uwana mata masu kwana da gajiya: Nana Faɗima ta kai kukan abin da dutsen niƙa ya yi wa hannunta, ta nemi mai taya ta aiki, sai mahaifinta (SAW) ya koya musu ita da Aliyu in za su kwanta su yi Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34. A yi shi. Amma maza kada ku ɗauki hadisin nan hujjar barin mace da jarka shida ita kaɗai.

Majo:
Hajiya ta taɓo gajiya, to bari in shigo ta ɓangaren jiki a matsayina na ma'aikacin lafiya, don zuciyar da ba ta yi barci ba ba ta jin wa'azi. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. In asuba tana wajen ƙarfe 5, kwanciya ƙarfe 10 ke nan. Yanzu ku dubi fada: an yi lisha, an hura gawayi, ƙarfe 9 aka sauke shayin farko mai ɗaci, ana ɗaga buta sama kumfa na tashi, na biyu ƙarfe 10, na uku sai wajen 11. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, da Nescafé, da goro, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini. Wanda ya sha na farko ƙarfe 9, ƙarfe 2 na dare rabi bai fita ba. Sai ya kwanta zuciya na bugawa, ya ce tunani ne ya hana shi barci, alhali rashin barcin ne ya buɗe wa tunani ƙofa.

Shayi mai ƙarfi ya tsaya daga la'asar. Da dare a dafa na'ana'a ko citta, zaman fada bai lalace ba. Wanda ya saba da yawa ya rage sannu cikin sati ɗaya ko biyu, don yankewa lokaci guda tana kawo ciwon kai na 'yan kwanaki, sai mutum ya ce ai ga shi ba ya iyawa. Ƙailula bayan azahar minti 20 zuwa 30. In ta wuce awa, daga barcin dare ta ciro. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, a watsa ruwa kafin kwanciya, a kwana waje cikin gidan sauro. Wanda ya yi kamar minti 20 barci bai zo ba ya tashi ya zauna cikin duhu da tazbaharsa, sai ya ji gyangyaɗi ya koma. Juye-juye kan katifa koya wa jiki yake cewa shimfiɗa wurin lissafi ce.

Sai numfashi, ga mai jin ƙirji ya cushe. Hannu ɗaya kan ciki. A shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, ciki ne zai taso ba kafaɗa ba, a saki a hankali ana ƙirga 6. Numfashi 6 ke nan a minti, a yi minti 5, safe da yamma. Tsawaita fitarwa shi ke rage gudun zuciya. Kuskuren da ake yi shi ne zuƙa mai zurfi da sauri, sai jiri ya zo, yatsu su yi tsam-tsam, mutum ya ƙara tsorata. In haka ta faru a rage zurfin, a tsawaita fitarwa. A koye shi lokacin da rai ke kwance, ba a fafe gora ranar tafiya. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri kuma minti 30, kwana 5 a sati, bayan asuba kafin rana ta ɗaga.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Majo, duk mun ji. Amma ni dai ina ganin wannan ciwon damuwa da ake ta faɗa raunin imani ne kawai. Mai tawakkali na gaskiya ba ya shiga wannan hali. Iyayenmu sun ga yunwar 1984 ba su san wani likitan tunani ba.

Malam na Birni:
Alhaji, a yi hattara da wannan hukunci. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana cikin Suratu Yusuf aya ta 84, a ta 86 kuma ya ce ga Allah yake kai kukansa. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗar sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. In ka ce wa mai ciwo imaninsa ne ya ragu, ka ɗora masa kaya na biyu kan na farko, gobe kuma ba zai sake gaya wa kowa ba.

Majo:
Allah ya saka, Malam. Alhaji, iyayenmu ma sun yi, sunan ne dabam: a ce wane ya shiga ɗaki, ko wance ta daina magana tun rasuwar ɗanta. Ga iyakar da ke raba damuwar yau da kullum da ciwo. In mutum ya yi sati biyu ko fiye, kusan kullum, ransa a ɓace ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ga barci ya lalace, abinci ya fita ransa, ga kasala, yana ganin kansa ba shi da amfani, har sana'a ko hidimar gida ta gagara, wannan na gidan likita ne. A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura babban asibiti. A nemi awon jini da tansiyo, wato hawan jini, da sukari, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo bugun zuciya da kasala masu kama da damuwa sak.

In an ba da magani, sai ya yi sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware. Mutane kan bari a sati na farko su ce bai yi ba, ko su bari da sun ji dama, ciwon ya dawo. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da magani, a haɗa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka, da ɗaure mutum da mari, da turaren da ke shaƙe numfashi.

Wanda ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada a ce wasa yake. A tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi a ranar. Tramol da diyazefam na masu talla kuma ba maganin damuwa ba ne. Suna kwantar da rai na 'yan awoyi, jiki ya saba, a ƙara yawa, tramol mai yawa har farfaɗiya yake sawa. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke shi kaɗai, likita ne zai rage masa mataki-mataki.

Mai jego ma a sa mata ido. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, yana wucewa cikin sati biyu. In ya zarce haka, ko ta ƙi jaririn, a gaya wa ungozoma.

Alhaji na Kasuwar Dole:
To, na karɓi ta Annabi Yaƙub. Amma har yanzu ina ganin yaran yanzu sun cika raki.

Uwargida, Tudun Jamus:
Allah gafarta Malam, akwai waɗanda ibadar ce ma ta zame musu wurin tashin hankali. Alwala sau huɗu, kabbara sau biyar, an sallame ana kokwanton raka'a. Su fa?

Malam na Birni:
Wannan waswasi ne, malamanmu na Malikiyya sun yi masa hukunci tun tuni. Mai shakka ta lokaci-lokaci yana gini kan abin da ya tabbata: in ya rasa uku ya yi ko huɗu, ya ɗauka uku, ya ƙaro ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, hukuncinsa dabam ne. Ahalari ya ce ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada bayan sallama kawai. Alwala kuma wanki ɗaya da ya game gaɓa ya isar, uku ne iyaka. A auni ruwan a ƙaramar buta, in ya ƙare an gama. Kwanakin farko rai zai yi ta ƙaiƙayi cewa sallar ba ta yi ba. A bar shi ya yi, kada a sake. Kowace maimaitawa abinci ce ga waswasin. In ya kai ga cin awoyi a yini, a haɗa da ganin likita, don akwai nau'insa da ke ciwo ne.

Tunda an zo nan, in ja kunnen masu zafin farawa. Mutum ya ji wa'azi ya ɗaura niyyar izu biyu kullum da tsayuwar dare, kwana biyar ya faɗi, ya ƙara da jin shi munafuki ne. Annabi (SAW) ya ga igiya a masallaci da Nana Zainab ke riƙewa in ta gaji da tsayuwa, ya ce a kwance ta. Aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. A fara da sumuni ɗaya bayan asuba, minti 3 ne ko 4, a riƙe shi wata guda kafin a ƙara. Sumuni 8 ne izu, wanda ya kai izu a yini yana sauka cikin wata biyu.

Gaba ma tana cin natsuwa fiye da yadda ake zato. Kwana 3 shari'a ta ba wanda ransa ya ɓaci, bayan nan sallama ta wajaba. Ba a ce sai an koma cin tuwo kwano ɗaya ba, ko a sake ba shi bashi. Sallama dai, da amsa ta.

Malamar lakwal, Sabon Gari:
Ƙari kaɗan kan godiya, don ita ma ana yin ta a baki ba ta isa ciki. Hadisin Tirmizi ya ambaci abu uku: wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tara masa duniya ne. Kafin barci a ambaci abu uku na wannan yinin, amma da sunansu. "Lafiya" kullum ba ta motsa rai, an saba da ita. "Zazzaɓin yaro ya sauka da la'asar", ko "ruwa ya zo kafin tulu ya ƙare", su ne ke tsayawa. Kada a maimaita na jiya.

Ɗan Kara-Kara:
Na ji, kuma ta shayin ta shige ni, don ba ƙarya Majo ya yi ba. Ban janye ba dai kan cewa manya su daina fakewa da kalmar. Inna Hajiya, tambaya ɗaya: in mutum ya je wa mai kanti da tsarin biya, shi kuma ya ce bai yarda ba, duka yake so yau, ga mutane a tsaye?

Hajiya mai adashi, Zango:
Ɗana, kuskuren tun daga lokacin zuwa ne. Ba a zuwa da hantsi kanti cike da masu awo, don a gaban mutane dole ya nuna zafi. A je bayan azahar da ƙafa ta ɗauke, ko a same shi gida bayan magariba. Kada a je hannu wofi, ko jaka ɗaya ce a ajiye masa kafin a buɗe baki. In ya ƙi duk da haka, a nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, a maimaita maganar gabansa, a rubuta adadi da ranaku, kowa ya riƙe kofi. Kuma a faɗi abin da za a iya ko a satin da kasuwa ta mutu. In jaka 2 ce ake iyawa da ƙyar, a ce ɗaya da rabi.